Abin da Likita Ta Faɗa, da Abin da Na Faɗa wa Arzika

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Arzika makwancinsa a maƙabartar Mandera, ranar wata Laraba da hantsi, ruwan farko na damina bai fi kwana uku da sauka ba. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan sa a yi masa sadaka, in je in gai da iyalinsa, in dawo Boɗinga in ci gaba da harkokina. Ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba, alhali na sha cika wannan fili na jarida da labarin tumaki da na damina da na mutanen da ba su kai shi kusanci da ni ba. Waɗanda suka san mu sun sha tambayata dalili, ina ce musu zafin rashi ne. Akwai zafin rashin, amma ba shi ya ɗaure mini hannu ba. Kunya ce, kuma bana na ga ya kamata in faɗi ko ta mece ce.

Arzika ɗan gwaggota ne, ƙanwar mahaifina da aka kai aure Mandera ta ƙasar Shagari. Taubashina ne ke nan, ni ɗan namiji shi ɗan mace, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Na girme shi da shekara biyu, amma bai taɓa yarda ba. Cewa yake yi ni dai an riga an rubuta sunana a makarantar boko ne, shi ya sa shekaruna suka fara ƙirguwa da wuri. Manomi ne na ainihi, gero da dawa da damina, albasa a fadama da rani, ga 'yan raguna da yake turkewa a bayan gida. Ni kuwa shekara talatin na yi ina malamin dabbobi, ina yawo a kan babur daga rugagen Boɗinga zuwa na Shagari da allura da maganin tsutsa. Duk ƙauyen da na shiga Likita ake kirana, har na saba, har na fara jin haushin wanda ya kira ni da sunan yanka. Arzika ne kaɗai ke ƙara wa sunan wutsiya. In ya hango ni daga nesa sai ya ce wa mutane su ba da hanya, ga likitan jakkai nan ya zaka.

Ciwon nasa ya fara ne da rani, ana tsakiyar ban ruwan albasa. Da farko ciwon kai ne, wanda yake tashi da shi da safe har ya yi amai. Daga baya hannunsa na hagu ya fara sakin abu, ya ɗauki moɗa ta suɓuce, ya kama fartanya ta faɗi. Sai wata rana ya yanke jiki a fadama yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, alhali babu mai ita a danginmu. Matarsa Kulu ta aiko mini, na je. Na sa shi ya yi tafiya a tsakar gida, na ga yana karkata gefe ɗaya, in ya nufi ƙofa sai ya tsinci kansa a jikin rumbu. Nan take na ce a raina ai na san wannan.

Duk makiyayi ya san ciwon da nake nufi. Tunkiya ce za ta ware daga garke, ta karkatar da kai, ta yi ta kewaya wuri ɗaya har ta faɗi. In an yanka ta aka fasa kan, sai a tarar da wata jaka mai ruwa a cikin ƙwaƙwalwa, tsutsa ce ta yi ta. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na ga kuma masu ƙarfin hali da ke laluben inda ƙashi ya yi laushi su huda don su zubar da ruwan, kuma a iya ganina ban taɓa ganin wadda ta tashi ta koma kiwo ba. Shawarata ga mai tunkiyar guda ce kullum, a sa mata wuƙa tun tana da nama. Da wannan ilimin na ɗauki taubashina zuwa Sakkwato. Kafin mu shiga mota na riga na gaya wa dattawan ƙofar gida cewa na san abin da ke cikin kansa, zuwa asibitin don a fita haƙƙi ne kawai.

Kwana biyu muka yi a babban asibiti ana ɗibar jini, ana hoton ƙirji, daga ƙarshe aka yi hoton kai. Da sakamako ya fito aka kira mu ofishin likita. Wannan wurin ina so masu karatu su ji shi da kyau, don daga nan laifina ya fara. Likitar ta ce a shigo da marar lafiya. Ni na ce a bar shi a kan benci ya huta, ya gaji, ni ne babbansa, kuma ai ni ma ma'aikacin lafiya ne. Ta ɗan dube ni, ta ce to, amma in tabbata na maimaita masa komai. Yarinya ce, ba za ta girmi 'yata ta fari ba. Ta kafa hoton a jikin fitila, ta nuna mini wani abu zagayayye kamar ƙwallon dabino a ɓangaren dama, da farin zobe a kewaye da shi.

Bayaninta har yau yana kunnena. Ta ce, "Baba, akwai abu a nan, wannan babu shakka. Amma hoto siffa yake nunawa, ba ya faɗin sunan abu. Zai iya zama ƙari, kuma ƙarin ma iri-iri ne, akwai na daji akwai wanda ba na daji ba. Zai iya zama tarin tibi da ya je ya yi gida a ƙwaƙwalwa. Zai iya zama ƙurji mai mugunya. A hoto suna iya kama da juna, maganinsu kuwa ko kusa bai haɗu ba." Ta ce gwajin jini da hoton ƙirji ba su raba gardama ba, don haka suna so su yi 'yar huda a ƙashin kai, su ɗebo ɗan mitsitsi daga jikin abin, wanda bai fi ƙwayar dawa ba, a kai ɗakin gwaji a duba shi a ƙarƙashin madubi. Nan ne zai faɗi sunansa da kansa. Ba ta ɓoye mini cewa aikin yana da haɗarinsa ba. Ta tura mini takardar amincewa ta ce in kai masa, mu yi shawara.

Ni kuwa sai na gyara zama na fara ba ta labarin tumaki. Allah ya sani ba ta yi dariya ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce ana samun mai kama da wannan ma a jikin mutum jifa-jifa, amma shi ma sai an duba ake tabbatarwa. Sannan ta ce, "Ni ban sani ba tukuna, Baba, kai ma ba ka sani ba. Shi ya sa muke so mu duba." Ta ce mu dawo ranar Talata da shi marar lafiyar. Ko ya ƙi yarda da ɗiban ma mu dawo, akwai abin da za a zauna a ga ko za a fara gwadawa.

Kai ma ba ka sani ba. Cikin ladabi ta faɗe ta, amma ni ji na yi kamar ta tuɓe mini hula a kasuwa. Wanzami ba ya son jarfa. Na fito harabar asibitin, na ɗaga hoton ina kallonsa a hasken rana, ina gaya wa kaina ga jakar ruwan nan ƙuru-ƙuru, me yarinya za ta gaya mini. Na daɗe ina yaudarar kaina cewa wannan ne ya hana ni, wato na yi imani da gaske cewa huda kan zai kashe shi. Akwai wannan. Amma da na tsufa na zauna na bincika zuciyata, sai na tarar da wani abu a ƙarƙashinsa. Tsoro nake ji a taɓa shi ya mutu a hannunsu, a koma Mandera a ce Likita ne ya kai taubashinsa aka fasa masa kai. Idan kuwa ya mutu a ɗakinsa, ajali ne, babu mai ɗora wa kowa. Sunana na auna da ransa a tsakar ranar nan, kuma sunan ya rinjaya.

Na same shi a kan benci ya jingina da bango, ya runtse ido saboda haske. Ya ce, "Mi sunka ce, likitan jakkai?"

Na ce, "Sun ce daji na, ya riga ya ci wuri. In ƙarhe ya taɓa shi bazuwa za shi yi. Sun ce a koma gida a yi ta addu'a."

Ko ciwon tumakin ban ambata masa ba, don na san zai yi mini dariya. Daji na ce, saboda na san kalma ce da in an faɗe ta babu mai sake tambaya. Ya dubi hannunsa na hagu a kan gwiwa. Can ya ce, "To, Allah shi sa can ta hi nan. Tashi ka kai ni gida, bawa, albasata na jiran ruwa." A cikin mota har gode mini ya yi da ɗawainiya. Takardar amincewar tana aljihuna a ninke huɗu. Ranar Talatar kuwa ina kasuwar Shagari ina duba bakin shanu.

Wata huɗu ya yi bayan nan. An yi rubutu, an yi tofi, an kawo sassaƙe daga Danchadi da wani daga gaba da nan. Ni kuma duk bayan kwana biyu ina hanyar Mandera da maganin rage ciwo. Ganinsa ya dushe, maganarsa ta yi nauyi, amma bai daina tsokanata ba har sai da harshen ya ƙi. Mutane suka yi ta yaba mini da zumunci. Ranar da muka rufe shi liman ya kama hannuna a gaban jama'a ya ce kowa ya yi koyi da ni wajen riƙon ɗan'uwa. Na sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka tawali'u ne. Ban san a rayuwata na taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan ranar ba, amma duk da haka ban buɗe baki ba.

Nakan tambayi kaina me Arzika zai ce da zai leƙo Mandera ta yau. Fadamar da ya ƙare ƙarfinsa yana jan ruwa a cikinta yanzu faifan hasken rana ne ke tura ruwan, samari na zaune a inuwa suna danna waya. Na san zai ce albasar da ba ta sha zufar mai ita ba ba za ta yi yaji ba, sannan washegari ya je ya tambayi inda ake sayar da faifan. Zai yi mamakin yadda kowa ya zama likita. Mutum ya ji ciwon kai ya buɗe waya, kafin la'asar ya raɗa wa ciwonsa suna, ya sayo magani a kemis. Sau da yawa nakan buɗe baki zan yi wa yaran nan faɗa a kan haka, sai in tuna ni ba da waya na yi nawa ba, sai in haɗiye maganar. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ba a wannan zamanin aka fara sa shi a wuya ba.

Da na so, da maganar ta bi ni kabari. Babu wanda ya shiga ofishin nan sai ni. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ya ɗauki shekara goma kafin in kai ƙarshensa.

Bara, ɗan Arzika na uku, Mu'azu, ya faɗi a kasuwar Boɗinga ana loda buhunan albasa. Magidanci ne mai shekara ashirin da bakwai, da mata da 'ya ɗaya, ga wani cikin. Ashe ya yi watanni yana fama da ciwon kai yana ɓoyewa. Abokan sana'arsa suka kai shi Sakkwato, aka yi hoton kai, aka ga abu. Likitoci suka yi masa bayani irin wanda aka yi mini, suka nemi a ɗebo ɗan mitsitsin a auna. Mu'azu ya ƙi, ya sa aka mai da shi gida. Da na je dubiya na tarar da shi kwance a ɗakin da ubansa ya yi jinya. Kulu ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Likita, ciwon ubanai na ya dawo. Sun so su huda mai kai, munka tuna abin da kac ce, ƙarhe bai taɓa shi. Mun gode Allah da munka san wanga tun da wuri."

Godiya take yi mini. Maganar da na ƙaga a kan bencin asibiti don in tsare sunana ta zama ilimi a gidan, uwa ta riƙe, ɗa ya gada, har za ta kai shi inda ta kai uban. Kuma zan so in ce nan take na faɗi gaskiya, amma ba haka aka yi ba. Kame-kame na yi, na ce ai zamani ya canja, aikin likita ya ci gaba, ko za a sake gwadawa. Kulu ta ce daji dai daji ne, ko jiya ko yau. Na hau babur na dawo gida. Kwana tara na yi ina kai da kawowa, ina neman hanyar da zan sa su koma asibiti ba tare da na tona kaina ba. Na tura limami, na tura surukin yaron. Kowa amsa ɗaya ake ba shi, Likita da bakinsa ya faɗa tun lokacin marigayi. Ni na gina katangar, kuma babu mai iya rushe ta sai ni.

Ranar ta goma na je bayan azahar na tarar Mu'azu ya sa an kira ƙanensa, yana kwatanta masa iyakar gonarsa ta fadama da inda ya ajiye irin albasa, yana ce masa ya riƙe masa yara. A natse yake maganar, irin natsuwar ubansa. Na fito tsakar gida. Kulu na zaune a kan tabarma tana tsince wake. Na durƙusa a gabanta, ni da ban taɓa durƙusa wa matar taubashi ba sai da wasa, na ce mata ina da magana. Na gaya mata komai. Na ce likita ba ta ce daji ba ne, ba ta ce ƙarfe ba ya taɓa shi ba, ba ta ce a koma gida ba. Cewa ta yi ba a sani ba sai an duba, kuma a cikin abubuwan da ta lissafa akwai masu magani. Na ce an ba mu ranar komawa, ni na ƙi mai da shi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Hannunta ne kawai ya tsaya a cikin faifan waken. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shi marigayi ya san da haka?" Na ce bai sani ba. Ta ce, "Tashi ka shiga ka hwaɗa ma ɗanai da bakinka, yadda kah hwaɗa mani. In ka ƙare ka nemo mota."

Wannan karon tare muka shiga ofishin likita, ni da Kulu da Mu'azu, kuma ni a bakin ƙofa na tsaya. Wani likita ne daban, ban sake ganin waccan ba, ban kuma san inda take ba balle in nemi gafararta. Mu'azu ya yi tambayoyinsa da kansa, ya ji haɗarin, ya karɓi biro ya sa hannu. Abin da na shekara goma ina kwatantawa a raina da fasa ƙwarya ashe 'yar huda ce da ɗan yatsa zai rufe. Aka aske wurin, aka yi, bayan kwana kaɗan yana zaune yana shan kunu. Jiran sakamakon ne ya fi aikin wuya, kusan mako biyu. Da ya fito aka ce ba daji ba ne, tibi ne ya taru ya yi curi a ƙwaƙwalwa. Aka ɗora shi a kan magani na watanni masu yawa, aka ja masa kunne kada ya tsallake ko kwana ɗaya.

Likitan ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa yin dogon tari a gidan. Kulu ta ce marigayi ya yi, shekara guda kafin ciwon kan ya kama shi, har ya rame. Na tuna da tarin nan sarai. Ni na kawo masa maganin ruwa a kwalba, na ce ƙurar sussuka ce. Na daure na tambayi likitan ko ke nan abin da ya kashe uban shi ne wannan. Ya ce ba zai iya cewa ba, tunda ba a duba ba. Zai yiwu shi ne, zai yiwu kuma ƙari ne da gaske wanda ko an gano shi ba za a iya yin komai ba. Ya ce kama da wane ba wane ba ne. Da ya ce mini daji ne, da na samu inda zan raɓe. Da ya ce mini tibi ne, da na san girman abin da na yi. Bai ba ni ko ɗaya ba, kuma ni na toshe hanyar da za a bi a sani.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma da Arzika na da sauran kwana da ƙaryata ba ta rage masa ko ɗaya ba. Malamai sun gaya mini haka, na kuma yarda. Amma su malaman ne suka ce an umarce mu da neman magani, kuma amana amana ce. Ba kashe shi nake cewa na yi ba. Abin da na ƙwace masa shi ne zaɓi. Kansa ne, ransa ne, shi ya kamata ya ji abin da aka faɗa ya ce a yi ko a bari. Wataƙila da ya ji ma shi da kansa zai ce a bari, don mutum ne mai tsoron allura, ko ta shanu in na zaro sai ya kau da kai. Da ya ce haka, da ni yau barcina nake yi.

Don haka ga 'yar shawarata ga duk wanda aka ɗora wa rakiyar marar lafiya saboda shi ne ɗan boko a dangi, ko mai ɗan sani a harkar magani. Kada ka bar shi a kan benci. In kuwa dole ta sa ka shiga kai kaɗai, ka fito da maganar yadda aka ba ka ita, har da wurin da likita ya ce bai sani ba. Wannan wurin ne muka fi saurin yankewa, saboda muna ganin gazawa ce. Ni dai na ga wadda ta fi ni sani nesa ba kusa ba ta faɗe ta ba tare da ta ji komai ba.

Mu'azu ya gama maganinsa a watan jiya. Hannunsa ɗaya da ciwon ya taɓa bai koma daidai sarai ba, amma ya koma fadama, kuma matarsa ta haifi namiji. Yana gaishe ni yadda ya saba, yana ce mini Baba, sai dai ya daina tambayata shawara ko a kan ragonsa, kuma ban ga laifinsa ba. In yana dariya ubansa nake gani, har yadda yake dafa ƙugu. Irin albasar da Arzika ya yi shekaru yana zaɓe yana warewa har yanzu shi ake shukawa a gefen Mandera, manoma na neman sa da sunansa. Wannan ne rabon mutane daga gare shi. Rabona ni shi ne tuna cewa mutumin da bai taɓa yarda da ni a kan komai ba, ko a kan shekarunmu, ranar da maganar ta zama ta rai sau ɗaya ya tambaye ni, ya kuma karɓi amsar.

Makon jiya na je Mandera kamar yadda na saba duk shekara. Bayan an yi addu'a an watse, na sa aka yi mini sallama da Kulu. Tun ranar waken ba mu sake tayar da maganar ba, tana amsa gaisuwata, tana aiko mini da fura in na zo. Na gaya mata zan rubuta wannan a jarida in ta yarda, ta ce in rubuta, ko wani ya tsira. Sannan na roƙe ta ta yafe mini. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Nau haƙƙin na yahe maka tun ranar da yaron ga ya tashi. Na ɗiyana su za ka tambaya, sun girma. Nashi kau ba hannuna shike ba, Likita. Sai kun gamu."

Shekarata sittin da takwas, gamuwar ba ta da nisa, kuma har yanzu ban san abin da zan ce masa ba.